Neman Na Kai Daban, Haɗama Daban

Jawabin kwamitin gudanarwa a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



Iyayenmu masu sarauta da wakilansu, malamanmu, jami'an kula da ƙungiyoyin gama-kai na ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu mambobi, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, muna yi wa kowa barka da zuwa, sannunku da hanya. Waɗanda suka yi sammako daga Paki da Auchan da Gimi da Gazara da Hunkuyi da Likoro, Allah ya saka da alheri. Mun gode wa Allah da ya nuna mana zagayowar wannan rana. 'Yan'uwanmu da muka faro wannan tafiya tare, yau ba su cikinmu, Allah ya ji ƙansu, ya sa sun huta.

Lissafin shekara yana nan, ma'aji za ta karanta shi bayan mun sauka. Kafin nan, kwamiti ya ga ya dace mu taɓo wata magana da ta daɗe tana yawo a tarurrukanmu. Tun da aka kawo shawarar ƙungiya ta riƙa sayen masara da waken suya da kaka ta ajiye zuwa bazara, ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce, subhanallahi, ai wannan shi ne abin da muke zagin manyan 'yan kasuwa a kansa, haɗama ce ta jefa ƙasar nan cikin halin da take ciki, yaya za mu sa hannunmu a ciki? Wasu kuma sun ce, to in ba don riba ba, me ya tara mu? Wa zai tashi da asuba ya hura wuta ya soya awara don kawai a ce masa sannu? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma a taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a. Kuɗin da za a sa a wannan harka guminku ne, shi ya sa muke so kowace mamba ta shiga taron nan tana sane da abin da za ta ɗaga wa hannu.

Bari mu fara da kalmomin, don Hausa ba ta yi mana rowarsu ba. Akwai neman na kai, akwai son kai, akwai son zuciya, akwai haɗama, akwai handama da babakere. Idan aka ce wance mai neman na kanta ce, yabo ne. Uwa takan so a faɗi haka a kan 'yarta. Idan kuwa aka ce wance mai haɗama ce, sai a fara ja da baya. Dukansu biyu kuɗi suke nema, kasuwa ɗaya suke ci. Abin da ya raba su shi ne inda ribar ta fito. Mai neman na kanta ta ƙara wa kaya daraja, ta sayar, mai saye ya tafi yana murna, gobe ya dawo. Mai haɗama ribarta daga aljihun wani ta fito, ba tare da ta ba shi komai a madadi ba. Yawancin gardamar da ake yi a gidajen rediyo da majalisun maza a kan tattalin arziki, asalinta haɗa waɗannan biyun ne a kwano ɗaya.

Mu dubi ƙasarmu. Raken da ake lodi daga Makarfi zuwa garuruwa na nesa, wace hukuma ce ta tilasta wa manomi ya shuka shi? Babu. Ya duba ne ya ga rake yana biyan wahalarsa. Daga wannan lissafi nasa na kansa, mai sara ya samu, mai lodi ya samu, direba ya samu, mai dafa mazarƙwaila ya samu, mai tuwo-tuwo a bakin kasuwa ita ma ta samu. Ku dubi inabin da ake nomawa a Kudan. Shekarun baya, da an ce za a ci inabin ƙasarmu a Abuja da Legas, dariya za a yi. Wasu suka gwada, suka kafa rumfuna, suka jure shekarun farko, maƙwabta suka ga ana samu, suka bi sahu. Haka dankalin Turawa da albasa da tumatir na rani. Mu kanmu da muke zaune a nan, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai daddawa, mai turara shinkafa, mai kiwon tumakin layya, mai keken ɗinki, babu wadda ta fara sana'arta don raya tattalin arzikin Najeriya. Kuɗin makarantar yara ne, da kayan ɗakin 'ya mace, da gudun miƙa hannu. Amma da aka haɗa ƙoƙarin kowa, sai ga gari ya cika da abinci da sana'a.

Wannan ba yau aka fara ba. Layin dogon da ya ratsa ta Gimi daga Zariya ya isa Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun sa rai auduga za a riƙa ɗiba a kai masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Hausa suka yi nasu lissafin. Suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi in shekara ta yi tsanani ana iya cinta, ita kuwa auduga masaƙanmu na gida sun fi Bature biya. Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tashar jirgin Kano, har ta fi ƙarfin taragun da aka tanada. Daga nan ne aka samu dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Manomi ne ya bi abin da zai amfane shi, ya sauya tarihin Arewa gaba ɗaya.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da haka. Wani masani ɗan ƙasar Sikotland, Adam Smith, ya fitar da littafi a 1776 inda ya nuna cewa abincin da ke isowa gabanmu kullum, masu sana'a suna kawo shi ne saboda su ma suna da abin da za su samu. Amma shi wannan mutumin dai ya yi gargaɗi cewa 'yan kasuwa masu sana'a iri ɗaya, in suka keɓe, sukan ƙulla yadda za su tsawwala wa jama'a farashi. Mu kuwa ba sai mun je Turai ba. Uwarmu Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai tura fatake Sham. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Saboda haka duk wadda ake so a sa wa jin kunya don ta nemi riba ta halal, ta ɗaga kanta. Ba ta yi laifi ba.

To, sai ɗaya gefen. 'Yan'uwanmu da suke tsoron haɗama ba mafarki suke yi ba. Mun san mudu mai bugaggen gindi: na saye daban, na sayarwa daban. Mun san buhun da samansa tsaba ce, ƙasansa tsakuwa da ƙaiƙayi. Mun san kwandon tumatir da aka yi wa ado da manya a sama. Mun san man gyaɗar da aka yi wa algus. Alkur'ani mai girma ya keɓe sura guda da sunan masu tauye mudu, 'yan'uwanmu Kiristoci kuma sun san littafinsu ya yi tir da ma'aunin zalunci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wasu ne suka zuba guba don kada ƙwaro ya taɓa musu riba, amma ƙofar da aka rufe, a kan kowa aka rufe ta, har da wanda bai taɓa riƙe kwalbar maganin ba. Wanda ba a fitar ba kuma mu da 'ya'yanmu muka ci.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga yadda aka koma sayen naira da naira. A wasu wurare sai ka bar ɗari biyu a kan kowace dubu kafin a ba ka kuɗinka a hannu. Mun ga mata sun karyar da kaji da awaki don kawai su riƙe takardar kuɗi. Haɗama kuma ba a wajen mai ƙarfi kaɗai take ba, takan shigo ta ƙofar talaka. MMM ta tsaya cak a watan Disambar 2016 da kuɗin mutane. A watan Afrilun 2025 CBEX ta rufe, aka sake kuka iri ɗaya. Duk wanda ya ce kawo dubu goma ki karɓi ashirin bayan wata guda, ba tare da ya nuna miki gona ko shago ko injin da zai haifar da ƙarin ba, kuɗin wata 'yar'uwarki zai ba ki, ranar da sababbin shiga suka ƙare kuma kowa ya tashi a tutar babu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka iyayenmu suka ce.

Amma fa a nan muke so a nutsu. Shin haɗama ce ta kawo tsadar da muka sha a 2023 da 2024? Mu bi abin daki-daki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Injin ban-ruwa fetur yake sha. Motar da ke kai kaya kasuwa mai take sha. Yawancin maganin feshi da wasu kayan haɗa taki da dala ake shigo da su. Ga rashin tsaro da ya hana noma a wurare irin su Birnin Gwari da Giwa da sassan Katsina da Zamfara. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara. An samu masu ɓoye kaya, ba shakka. A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci.

Sai ga 2025. Bayan gwamnati ta ɗage haraji na wani lokaci a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake, amfanin gona kuma ya shigo, farashin hatsi ya faɗo warwas. Waɗanda suka cika rumbuna da tsada suka tafka asara. Manomi ya sayar da buhun masara bai isa ya sayi buhun taki ba. To jama'a, 'yan kasuwar nan tuba suka yi a 2025? Zuciyarsu ce ta yi laushi? Mutanen dai su ne, halinsu bai canza ba. Kaya ne suka yi yawa, mai saye ya samu zaɓi, haɗama ta rasa wurin kamawa. Haka aka yi da tumatir a 2016, lokacin da tsutsar nan ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu. Kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Masu sayarwar nan su ne dai waɗanda, in kaya ya yi yawa da rani, suke roƙon a saya ko nawa ne kafin ya ruɓe.

Abin da muka fahimta ke nan: haɗama tana nan kullum, kamar ƙadangare a jikin katanga. Sai bango ya tsage take samun wurin shiga. Tsagewar kuwa ita ce mutum ya rasa zaɓi. Mu duba inda bangonmu ya tsage.

Na farko, kayan gwari. Tumatir ba ya jira. In an tsinke shi yau, kwana biyu uku ya fara zubar da ruwa. Ɗan sari ya san haka, dillali ya san haka. Manomi yana tsaye da kwanduna a rana, ba shi da wurin ajiya, dole ya karɓi abin da aka taya. Don toshe wannan ɓaraka aka kafa masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara tun zamanin marigayi Gwamna Balarabe Musa, amma ta shafe shekaru masu yawa ba ta aiki. Ranar da manomi ke da wurin kai kayansa na biyu, ko injin sarrafawa, ko wurin shanya kauɗa mai tsabta, ranar ɗan sari zai gyara harshensa.

Na biyu, bashin damina. A watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, yaro ba lafiya, gona tana son taki. Sai a je wurin mai kuɗi, ya bayar da sharaɗin za a biya da buhu in an yi girbi, a farashin da shi ya yanka. Kaka na yi, amfanin da aka sha wahala a kansa ya wuce gidan wani. Bazara na zuwa, a koma a sayi wannan hatsin dai da tsada. Gidaje nawa ne a garuruwanmu suke juyawa a cikin wannan da'ira shekara da shekaru?

Na uku, rashin sani. Wadda ba ta san nawa ake sayar da tiyar waken suya a Zariya ko Dawanau ba, duk abin da yaron da ta aika ya dawo da shi, shi ne farashi. Hukuma ma takan zama mai saye ɗaya tilo. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin sayen amfanin gona su kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga waje, suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya. An yi wasu ayyukan raya ƙasa da rarar, amma manomi ba shi da bakin cewa a'a, har aka rushe hukumomin a 1986. Ko ɗan kasuwa ne ko gwamnati, duk inda mai saye ya zama shi kaɗai, mai sayarwa yana cikin haɗari.

To mene ne magani? Wa'azi yana da amfani, malamanmu kuma suna yi, Allah ya saka musu. Amma wa'azi kaɗai bai taɓa gyara mudu ba, sai an samu mai duba mudun. A 1844, a wani gari mai suna Rochdale a Ingila, wasu ma'aikata su 28, cikinsu har da masaƙa, suka gaji da garin fulawa mai algus da ma'aunin cuta. Suka tara fam guda-guda, suka buɗe ɗan shago da fulawa da sukari da man shanu da kyandir. Suka kafa dokoki: awo cikakke, kaya mai kyau, kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, riba kuma a raba gwargwadon cinikin da mutum ya yi da shagon. Ba waliyyai ba ne, cikinsu suke nema wa abinci. Dabararsu ita ce sun mai da mai saye ya zama shi ne mai shago, don haka in ya cuci shago kansa ya cuta. Daga wannan shago tsarin ƙungiyoyin gama-kai na zamani ya yaɗu a duniya. A Najeriya an yi masa doka tun 1935, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2012 da 2025 a matsayin shekarun ƙungiyoyin gama-kai.

Ga misali na kusa, daga 'yan'uwanmu Hausawa na Nijar. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da muka gada ne, sai dai an ƙara masa ƙa'ida. Ana haɗuwa duk mako, kowa ta zuba a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a rufe a akwati, makullan kuma suna hannun mata daban-daban. Mai buƙata ta ranta, ta biya, ƙarshen zango a raba. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ku lura da maganar makullan nan. Matan Maraɗi ba su ce uwar adashi ɓarauniya ce ba. Sun dai san ɗan Adam, sun san wata rana ciwo ko biki zai matsa wa mai riƙon kuɗi, sai suka taimake ta da kwaɗo fiye da ɗaya. Kowace mace a wurin don amfanin kanta ta zo, amma an tsara abin yadda ba za ta samu ba sai 'yar'uwarta ta samu.

Yanzu mu dawo kan shawarar da ke gabanmu. Shin ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara ɓoye abinci ne? Malamanmu sun yi bayanin cewa abin da aka haramta shi ne a kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a ke cikin buƙata, a riƙe shi don a ƙuntata musu. Tanadi a lokacin yalwa kuwa, Musulminmu da Kiristanmu duk mun san labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, da ajiyar shekaru 7 da ta ceci Masar. Idan kowa ya sayar da kaka, farashi ya faɗi ƙasa, hatsin ya bar garinmu a manyan motoci, sannan ya dawo mana da tsada. Wani ne dai zai ajiye shi. Tambayar ita ce wa zai ajiye, kuma da wane sharaɗi.

Shi ya sa kwamiti yake ba da shawarar cewa in za a yi, a yi shi da ƙa'idoji a rubuce tun kafin a sayi buhu ɗaya. A saya da kaka kawai, lokacin da kasuwa ta cika, a fara da amfanin mambobi da na mazajensu, a kan sikeli ɗaya da kowa ke gani, ba tare da an karya musu farashi ba. A zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, kada a sa maganin da ba a amince da shi a abinci ba. A rubuta watan da za a buɗe rumbu, a buɗe shi ranar ko da ana cewa farashi zai ƙara hawa. A ware wani kaso da za a sayar wa mambobi da maƙwabta mudu-mudu, a kan kuɗin saye da na ɗawainiya da riba kaɗan, don ya tare wa gidajenmu bashin damina. In kuma abinci ya yi wuya a gari kafin ranar, a buɗe nan take. Sannan kada a zuba duk jarin ƙungiya a ciki. Abin da ya faru a 2025 ya isa darasi: ajiya kasuwanci ce, ana ci ana faɗuwa. Duk wadda za ta ɗaga hannu ta amince, ta amince da cewa wata shekarar ana iya yin asara.

Akwai kuma maganar rabon riba. Kowa tana son ta ga kuɗi a hannu a ƙarshen shekara, kuma hakkinta ne. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. In aka rabe komai, baɗi da me za a ba da rance, da me za a gyara injin niƙa in ya tsaya? Wadda ta yarda a bar wani kaso a asusu, ita ma kanta take so, sai dai tana hango kanta na shekara biyar masu zuwa. Haka maganar rance. Kuɗin da ke akwatinmu ba na gwamnati ba ne, ba kuma rabon ganima ba ne. Na mai ƙosai ne, na bazawarar da ke riƙe da marayu ne. Wadda ta ci ta ƙi biya alhali tana da hali, ta hana ta bayanta. Wadda kuma jarrabawa ta same ta, ta zo ta faɗa, ƙa'idarmu ta tanadi sassauci, babu mai tozarta ta.

Mu da kuka ɗora wa shugabanci, dokar nan a kanmu ta fara. Littafin kuɗi a buɗe yake ga kowace mamba. Wadda ba ta karatun boko ta zo da ɗanta ko 'yarta a karanta mata. Ku tambaye mu rasit, ku tambaye mu wa ya sa hannu. Tambaya ba raini ba ce, kariya ce gare ku, kariya ce gare mu. In tallafin taki ko na iri ya zo da sunan ƙungiya, a karanta sunaye a bainar jama'a. Duk ƙungiyar da aka daina tambayar shugabanninta, ta kama hanyar mutuwa, ko da kuwa shugabannin mutanen kirki ne.

Iyayenmu maza da mazajenmu, muna godiya da izini da goyon bayan da kuke ba mu. Roƙonmu ɗaya ne. Jarin matar gida ba kuɗin cefane ba ne. In aka ranta, a mayar. Awakin da take kiwo da buhun da ta ajiye, su ne ke tsayawa gidan ranar da damina ta yi gardama. 'Ya'yanmu kuma, musamman masu waya a hannu, ku taimaki iyayenku da farashin kasuwanni, ku kuma guji duk mai yi muku alkawarin kuɗi ba tare da aiki ba.

'Yan'uwa, son samu shi ya fito da mu daga ɗaka, shi ya cika kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunkuyi. In aka bar shi ba linzami, a inda wani ba shi da zaɓi, shi ne ke rikiɗewa ya zama haɗamar da muke kuka da ita. Farashin fetur da darajar naira sun fi ƙarfinmu. Mudunmu da littafinmu da makullin rumbunmu kuwa suna hannunmu. Ku je gida ku yi shawara da iyalanku, ku tambayi malamanku, ku zo taro mai zuwa da ra'ayinku. Mai goyon baya ta faɗi dalilinta, mai adawa ta faɗi nata, abin da rinjaye ya zaɓa shi za mu bi gaba ɗaya.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin hakkin wani, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Jihar Kaduna da Najeriya baki ɗaya. Allah ya maimaita mana, ya mai da kowa gidansa lafiya.